Kuɗin Gwamnati a Makarantar Addini: Abin da Ya Faru a Faransa

Masu makarantun Islamiyya da na mishan sun daɗe suna kiran gwamnati ta sa musu hannu. Kiran yana da hujja, domin iyayen yaran su ma suna biyan haraji. Amma kafin a miƙa hannu, ya kamata a san yadda ta kaya a Faransa.

Tun 1959 dokar Debré ta ba makarantu masu zaman kansu damar ƙulla yarjejeniya da gwamnati. Gwamnati ce ke biyan albashin malamai, ita kuma makaranta ta koyar da manhajar ƙasa, ta karɓi kowane yaro ko wane addini yake bi, ta buɗe ƙofa ga masu duba makarantu. Mafi yawan masu cin wannan moriya makarantun Katolika ne. Na Musulmi 'yan kaɗan ne.

Sakandaren Averroès da ke birnin Lille, wadda aka buɗe a 2003, ta samu yarjejeniyar a 2008, har ta yi suna wajen cin jarrabawa. A Disamban 2023 wakilin gwamnati na yankin ya soke yarjejeniyar. Cikin laifuffukan da aka lissafa har da wani sharhin Arba'una Hadis ta Imam Nawawi, da aka gani a jerin littattafan darasin tarbiyya. Matanin kuwa shi ne wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya. Hukuma ta ce sharhin yana ɗauke da maganganu kan ridda da cuɗanyar maza da mata waɗanda suka saɓa wa aƙidun jamhuriya. An kuma tayar da batun gudummawar da makarantar ta taɓa samu daga Ƙatar. A Janairun 2025 makarantar Al-Kindi da ke kusa da Lyon ta gamu da irin wannan, bisa littattafan ɗakin karatunta da kalaman wani malami a intanet.

A nan 'yancin faɗin albarkacin baki ya shigo. Babu wanda ya rufe makarantun, famfon kuɗi kawai aka toshe. Sai dai makarantar da ta ɗora albashin malamanta a wuyan gwamnati, ranar da aka janye, ko dai ta tsauwala wa iyaye kuɗin makaranta, ko ta sallami malamai. Shugaban da ya san haka zai fara tace littattafai da bakin malamai tun kafin a ce masa uffan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ba kuma da mudu ɗaya aka auna kowa ba. A 2024 rahoton masu bincike kan Stanislas, fitacciyar makarantar Katolika a Paris, ya fito fili da ƙorafe-ƙorafe masu nauyi, amma yarjejeniyarta tana nan.

Averroès ta garzaya kotu, kuma a Afrilun 2025 kotun Lille ta rushe matakin, ta ce hujjojin ba su kai a soke yarjejeniyar ba. Rubutacciyar doka da rubutacciyar yarjejeniya ne suka cece ta.

Saboda haka, mai makaranta, kada ka karɓi tallafi bisa alkawarin baka na ɗan siyasa. Nemi a rubuta wa ke zaɓen littattafai, wa ke ɗaukar malamai da korarsu, da kotun da za a je in an saɓa. Iyaye kuma ku nemi a karanta muku takardar a taron iyaye da malamai kafin a sa hannu.