Garwa: Yadda rikicin ruwa da tawada ke janyo wa masu maɗaba'a asara

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa Disamba, maɗaba'un Garwa ba su da hutu. Makarantu na neman takardun sakamako da rasit kafin komawar ɗalibai a watan Satumba, kamfanoni da ƙungiyoyi na ba da aikin kalanda, ga kuma katunan biki. A wannan lokaci ne kuma ake yawan jin ƙorafin cewa aiki ya fito da datti, ko launi ya koɗe, ko tawada ta ƙi bushewa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan tsufan inji ko rashin ingancin tawada, alhali matsalar tana cikin ruwan da injin ke sha.

Asarar ba ƙarama ba ce. Takarda da tawada daga tashar jiragen ruwa ta Duwala suke tasowa, su bi jirgin ƙasa ko mota zuwa Ngaundere, sannan su ƙaraso Garwa ta hanyar mota. Duk takardar da ta lalace, an riga an biya kuɗinta da na dakonta.

Me ruwa ke yi a injin bugu?

Bugun ofset ya dogara ne a kan abin da kowa ya sani, wato mai da ruwa ba sa haɗuwa. Wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ne ya gano wannan dabara a shekarar 1796, yana amfani da dutse. A yau faranti na alminiyom ya maye gurbin dutsen. Wurin da rubutu ko hoto yake a kan farantin yana karɓar tawada, wadda ake haɗawa da mai, sauran wurin kuma yana riƙe ruwa. Inji yakan fara shafa wa farantin ruwa, sannan tawada ta biyo baya ta manne inda babu ruwa. Daga nan hoton ya koma kan shimfiɗar roba, roba kuma ta ɗora shi a kan takarda.

Don haka ruwan ne ke tsare farin takarda. Masu sana'ar a Kamaru suna kiransa da Faransanci «eau de mouillage», kuma ba ruwa ne zalla ba. Ana zuba masa sinadari mai ɗan tsami, wasu injinan kuma ana ƙara musu wani nau'in sifirit mai suna isopropil domin ruwan ya shimfiɗu siriri. Har ƙaro, irin wanda ake tsintowa a jikin itatuwa a Chadi da Sudan da jihar Arewa Mai Nisa, yana da aiki a nan: shi ake shafa wa faranti idan inji zai tsaya, don kada iska ta ɓata shi.

Alamomin da takarda ke nunawa

Idan ruwa ya yi kaɗan, tawada na tsallakawa zuwa inda ya kamata ya zauna fari. Dattin kan fara daga gefen takarda, ƙananan haruffa su toshe, hoto ya yi duhu. Wannan shi ne «graissage» a bakin masu bugu.

Idan ruwa ya yi yawa, yakan kutsa cikin tawada ya dama ta. Launi ya koɗe, baƙi ya koma toka-toka, takarda ta riƙa lanƙwashewa, kuma idan aka jera ta, tawadar ƙasa ta shafi bayan ta sama. A nan ne sabon ma'aikaci ke faɗawa tarko. Yana ganin launi ya koɗe sai ya ƙara tawada, tawada ta yi yawa ta fara datti, sai ya ƙara ruwa. Kafin ya ankara rololi sun cika da kwaɓi, dole a tsayar da inji a wanke. Maganin shi ne a rage duka biyun: a janye ruwa a hankali har datti ya fara leƙowa, sannan a mayar da shi kaɗan.

Zafi, hunturu da damina

Injinan ofset sun fi son ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 25, da laimar iska kusan kashi 50 cikin 100. A Garwa kuwa zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40. Da zafi tawada na tsinkewa, ta fi saurin shan ruwa, sifirit kuma yana ƙafewa daga tanki. Shi ya sa saitin da ya yi daidai da ƙarfe takwas na safe kan ɓaci da azahar. Injinan da ke da na'urar sanyaya ruwa suna riƙe shi tsakanin digiri 10 zuwa 15, sai dai watannin zafi su ne lokacin da ruwan madatsar Lagdo, wadda ke bai wa yankin lantarki tun farkon shekarun 1980, ke ja baya. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, ya kamata a jira ruwan ya sake yin sanyi kafin a ci gaba da aiki mai launi.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na bushewa ƙwarai. Ruwa na ƙafewa daga faranti da wuri, takarda na mannewa da juna, ƙura kuma na sauka a kan rololi ta bar ɗige-ɗige a hoto. Tsofaffin injina irin su Heidelberg KORD da wasu GTO, masu rolar ruwa mai rigar yadi, sun fi shan wahala, domin yadin na tara ƙura da tawada. Yana bukatar wanki a kai a kai. Da damina kuma takarda ce ke shan laima, tawada ta yi jinkirin bushewa, don haka yawanci ruwan inji sai an rage shi. A kowane yanayi, gara a bar takarda cikin ƙunshinta a ɗakin bugu na kwana ɗaya ko biyu kafin a buɗe.

Matakan bincike

Abu na farko shi ne auna tsamin ruwa. Ma'aunin pH ya kamata ya tsaya tsakanin 4.8 zuwa 5.5, kuma 'yar takardar gwaji ta isa a gane. Idan tsami ya yi yawa, tawada ba ta bushewa, faranti kuma na saurin cinyewa. Idan ya yi kaɗan, datti na bayyana ko da ruwan na da yawa. Sifirit, ga injin da ke amfani da shi, yawanci kashi 8 zuwa 12 cikin 100 ne, kuma da mudubin awo ake zuba shi, ba da ido ba. Yana kama wuta, don haka a rufe shi a ajiye nesa da janareta.

Na biyu shi ne tushen ruwan. Ruwan famfo, na rijiya da na burtsatse ba ɗaya ba ne wajen gishirin ƙasa. Ruwa mai alli da yawa na barin farin ɓawo a kan rololi har su daina ɗaukar tawada. Maɗaba'ar da ke sauya ruwa duk lokacin da famfo ya ɗauke tana sauya saitin injinta ba tare da ta sani ba. A tsaya a kan ruwa iri ɗaya, a tace shi, a kuma zubar da na tanki a wanke duk mako.

Na uku shi ne rololi. Roba na taurara da zafi da tsufa. Ana gwada matsinsu ta hanyar sauke rola mai tawada a kan faranti a ɗaga: layin da ta bari ya zama faɗinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Idan datti na fitowa kullum a gefe ɗaya, matsalar ta rola ce, ƙara ruwa ba zai gyara ta ba.

Sai a duba faranti, a ƙarshe kuma tawada. Kowane lokaci abu ɗaya ake sauyawa, a buga takardu kaɗan a duba, domin inji na ɗaukar lokaci kafin gyara ya bayyana. Yana da kyau a ajiye littafi kusa da inji, a riƙa rubuta kwanan wata, awon pH, irin takarda da saitin da ya yi aiki. Idan hunturun baɗi ya zo, ma'aikaci zai buɗe shafin bana ya ga inda zai fara.