Sauya Babban Allon Tsohuwar Kwamfuta: Abin Dubawa Kafin A Kashe Kuɗi

Mutanen Bagudo, Illo da Tsamiya ba baƙin kayan Kwatano ba ne, domin iyakar Jamhuriyar Benin na nan kusa da su. Kamar yadda ake sayen mota 'yar Kwatano, haka makarantu da yawa ke sayen kwamfutocin tebur da ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su, galibi ƙirar Dell da HP. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, waɗannan tsofaffin na'urori suka zama abin dogaron ɗalibi wajen gwaji. To, idan ɗaya ta mutu, ko ta cika nawa, shawarar da aka fi ji ita ce a sauya mata babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod.

Shi wannan allo faranti ne mai ɗauke da siraran hanyoyin jan ƙarfe. A kansa furosesa ke zama, watau ƙwaƙwalwar na'urar, tare da ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, kuma ta cikinsa kowane sashe ke magana da ɗan'uwansa. A 1995 kamfanin Intel ya fito da ma'aunin ATX, wanda ya ƙayyade girman allo (milimita 305 da 244), da wuraren ramukan ɗauri, da siffar fulogin wuta, domin kayan kamfanoni daban-daban su dace da juna.

Sai dai fa manyan kamfanonin da ke sayar da kwamfuta a haɗe ba kullum suke bin wannan ma'auni ba. Alal misali, allon kasuwa yana karɓar wuta ta fulogi mai baki 24, amma Dell OptiPlex 7020 da 9020 mai baki 8 suke amfani da shi, wasu na'urorin HP kuwa mai baki 6. Wayoyin maɓallin kunnawa da na fanka su ma sukan zo da tsarin kamfani. A wasu akwatunan, musamman sirara, ramukan ɗauri ba sa faɗawa inda ya kamata. Mafi haɗari shi ne abin da Dell ya yi a ƙarshen shekarun 1990: fulogin ya yi kama da na ATX sak, amma jerin wayoyinsa daban ne, wanda ya jona kuwa yana iya ƙona sabon allo nan take.

Ko da allon ya shiga akwati, da sauran rina a kaba. Furosesar da aka ƙera wa mazaunin LGA 1155 na 2011 ba ta zama a LGA 1150 na 2013, duk da kusancin lambobin. RAM ɗin DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, don an gusar da tsagarsa da gangan. Lasisin Windows da kamfani ya sa wa na'urar ma a ɗaure yake da allon asali. Ashe ke nan wanda ya tashi sayen abu ɗaya yana iya ƙarewa da sayen biyar. Ga mutumin Bagudo kuwa, wanda sai ya aika Birnin Kebbi, Sakkwato ko Kano, kowane kuskure kuɗin mota ne da asarar makonni.

A ganina, idan allo ne ya mutu, gara a nemo irinsa daga wata matacciyar na'ura mai lamba ɗaya. Kafin nan ma a tabbatar ya mutu ɗin. Ƙaramin batirin CR2032 mai bolt 3 yakan ƙare, ƙura takan toshe fanka har zafi ya kashe na'ura, kafasita mai kumburin kai kuwa gwanin dalma na iya musanya ta. Idan nawa ce matsalar, ƙarin RAM da ma'adanar SSD sun fi sabon allo araha, kuma an fi ganin tasirinsu.

Inda sabon allo ke da hujja shi ne batun Windows 11, wadda ke buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, ga shi Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. A nan ma sai a kwatanta jimillar kuɗin da farashin wata na'urar sukutum.

Malamin da zai buɗe akwati gaban ɗalibai ya tuna da hunturu. Busasshiyar iska na tara lantarki a jiki, irin wanda ke ƙyasƙyas idan an tuɓe rigar sanyi da dare, kuma tartsatsin da ido bai gani ba ya isa ya lalata allo. A zare fulogi daga bango, a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa komai, a riƙe allon ta gefensa, sa'an nan a ɗauki hoton wayoyin kafin a cire ko guda.