ZOMON DA AKA YASAR: YADDA ZA A CECE SHI, A KUMA KARE LAFIYARSA

Kowace shekara yara da yawa a cikin birnin Sakkwato sukan sayi zomo saboda sha'awa. Bayan 'yan makonni sai sha'awar ta gushe, dusa ta yi tsada, ko iyali su yi tafiyar hutu, a bar dabbar cikin keji ba ruwa ba inuwa. Irin waɗannan zomaye ne ɗalibai masu aikin sa-kai za su iya karɓa, su yi jinyarsu, su nema musu sabon gida. Amma tausayi kaɗai ba ya raya zomo. Yawancin waɗanda ke mutuwa a hannunmu, zafi da ƙazanta da rashin sani ne ke kashe su, kuma dukansu ana iya kauce musu.

ZOMON GIDA DABAN, NA DAJI DABAN

Da farko ya kamata mu sani cewa zomon da muke kiwo ba shi ne wanda maharba ke kora a daji ba. Asalin zomon gida daga ƙasashen Sifen da Fotugal yake, inda kakanninsa ke haƙa rami su fake wa rana. Saboda haka wanda ya gaji da zomonsa ya kai shi bayan gari ya sake shi, bai ba shi 'yanci ba, ga karnuka da shaho da ƙishirwa ya miƙa shi.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka iyaye sukan saya wa yara zomo lokacin Ista, daga baya a yasar da su da yawa. A shekarar 1988 aka kafa ƙungiyar House Rabbit Society a jihar Kalifoniya domin karɓar zomayen da aka yasar, kuma 'yan sa-kai ne ke ɗauke da yawancin aikinta.

MATAKI NA FARKO: KEƁEWA

Duk zomon da aka kawo, komai kyawunsa a ido, kada a haɗa shi da na gida. A sa shi a keji dabam, nesa da sauran, aƙalla mako 2, wata guda kuwa ya fi. Ya sami kaskon ruwa da na abinci nasa shi kaɗai, mai kula da shi kuma ya riƙa zuwa wurinsa a ƙarshe, sa'an nan ya wanke hannu da sabulu.

Dalili shi ne akwai wata muguwar cuta mai sa zomo zubar da jini a cikin jikinsa. An fara gano ta a ƙasar Sin a 1984, wani sabon irinta ya ɓulla a Faransa a 2010, kuma a 2020 aka tabbatar da ita a Nijeriya, a jihohin Kwara da Oyo. Takan kashe zomo cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ba wata alama sai ɗan jini a hanci. Ba ta kama mutum, amma mutum yakan ɗauke ta a takalmi da tufafi, ƙudaje ma suna yaɗa ta. Ba ta da magani, sai allurar rigakafi da tsabta. Idan zomaye suka fara mutuwa farat ɗaya, a binne su da zurfi, a hanzarta sanar da likitan dabbobi.

ZAFI, BABBAN ABOKIN GABA

Jikin zomo ya fi sakewa tsakanin digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar an haura 30 ya fara wahala, a 35 kuwa ransa yana cikin haɗari. Mu kuwa a Sakkwato, watannin Afrilu da Mayu sukan wuce digiri 40. Zomo ba ya yin gumi irin namu, ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki.

Don haka a kafa keji a ƙarƙashin dogon yaro ko wata itaciya mai duhuwa, inda iska ke ratsawa. Idan rufin kwano ne, a shimfiɗa zana ko bunu a kansa. A rataya jiƙaƙƙen buhu ta gefen da iska ke shigowa, a ajiye ƙaramin tulu cike da ruwa a ciki domin zomo ya jingina da shi. A sake ruwan sha safe da yamma. Idan aka ga zomo ya miƙe yana haki, hancinsa a jiƙe, a kai shi inuwa nan take a shafa wa kunnuwansa ruwa mai ɗan sanyi. Kada a tsoma shi cikin bokiti.

A lura kuma, hutun Ista yakan faɗo ne daidai tsakiyar bazara. Kafin a rufe makaranta, dole a rubuta sunan wanda zai zo kowace rana, da wanda zai maye gurbinsa in ya kasa. Yini ɗaya ba ruwa ya isa ya rushe aikin shekara.

ABINCI

Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa ce ke rage musu tsawo. Saboda haka ciyawa da harawar gyaɗa ko ta wake su ne tushen abincinsa, dusa kuwa ƙari ce kawai. Ganyen dankali da na zogale suna da amfani, amma sabon ganye a fara shi kaɗan-kaɗan, don sauyin abinci farat ɗaya yakan kawo zawo. Kada a ba shi abin da ya yi fumfuna, ko ganyen da aka yi wa feshin magani, gama zomo ba ya iya yin amai. In an gan shi yana cin kashinsa mai taushi, wannan ba cuta ba ce, ta haka yake samun sauran amfanin abincinsa. Amma zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, yana bukatar likita a ranar.

CUTUTTUKAN YAU DA KULLUM

1. Kirci: ɓamɓaroki a kunne, hanci da ƙafafu. Ƙananan ƙwari ne ke kawo shi, kuma allurar ivermectin a hannun likita tana warkar da shi. Baƙin mai da kananzir ƙona fata suke yi.

2. Zawon 'ya'yan zomo: ya fi yawa da damina, bayan an yaye su. Ƙwayoyin cutar suna bi ta kashi ne. A ɗaga keji sama da ƙasa, a share shi kullum.

3. Mura: atishawa da farar majina. A keɓe mai ita, a kare keji daga ƙurar hunturu.

Kada a ɓare kafson mutane a ba zomo. Amoxicillin da danginsa, in an ba shi ta baki, sukan kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanjinsa, ya mutu. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan cikin gari, a je a yi tambaya. Haka kuma a bar ɗaukar zomo ta kunne. A tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, ƙugunsa da ɗayan, domin in ya yi shuri a sama yana iya karya gadon bayansa.

SANIN IYAKA

Zomanya takan ɗauki ciki na kwana 31 ko kusa da haka, ta haifi 'ya'ya 6 zuwa 8, tana kuma iya sake ɗaukar wani jim kaɗan bayan haihuwa. In ba a raba maza da mata tun suna wata 3 ba, wurin ceto zai koma wurin cunkoso. Kada a karɓi fiye da abin da keji da aljihu za su ɗauka. A ajiye littafi mai nuna ranar da aka kawo kowane zomo, ciwonsa da maganin da aka yi masa. Wanda kuma zai karɓi zomo, a je a ga kejinsa da inuwarsa tukuna.

Mun sani a wurinmu da yawa suna kiwon zomo ne domin nama da kuɗin makaranta, kuma ba laifi a ciki. Sai dai Littafin Karin Magana, sura 12, ya sa kula da dabba cikin alamomin adalcin mutum. Ɗalibin da ya iya tashi da asuba ya ba zomo ruwa a tsakiyar Afrilu, ba don ana kallonsa ba, za a iya danƙa masa abin da ya fi zomo. Ubangiji ya ba mu amincin riƙe abin da ya sa a hannunmu, amin.