Murhun Ƙwaya: Ku Dubi Tokar Kafin Ku Ce Ya Lalace

A wannan fitowa za mu yi magana a kan murhun da ke cin ƙwayar garin katako, domin ƙungiyoyin da suka saya da waɗanda ke shawarar saye.

Ƙwayar nan garin katako ne da aka matse da inji har ya fito kamar guntayen fensir, kaurinsa wajen milimita 6. A Amurka da Turai ta samu karɓuwa bayan tsadar man fetur ta 1973, suna ɗumama ɗaki da ita lokacin sanyi. A Afirka kuwa, kamar a Ruwanda da Zambiya, an mai da ita ta girki. Murhun yana da gwangwanin wuta mai ramuka, da ƙaramar fanka mai batir. Ana kunna wutar daga sama. Iskar da ke shiga ta ramukan ƙasa takan sa ƙwayar ta fitar da hayaƙi, iskar ramukan sama kuma ta ƙone hayaƙin nan. Shi ya sa sabon murhu yakan ci kamar na gas.

Kukan da aka fi yi shi ne: da fari wuta shar, bayan 'yan watanni sai hayaƙi da baƙin tukunya. Kafin a tara kuɗin ƙungiya a sayi wani, a bar shi ya huce, a juye gwangwanin a kan faranti, a ga abin da ya fito.

In toka ce mai laushi, fara ko ruwan ƙasa, murhun lafiya lau yake. Abin lura shi ne yawanta. Ƙwayar katako mai kyau ba ta barin toka da ta kai kashi 1 cikin 100 na nauyinta. Ɓuntun shinkafa kuwa yakan bar wajen kashi 20. Wato buhu mai kilo 10 na ƙwayar ɓuntu zai ba ku toka kilo 2, na katako ko gram 100 ba zai cika ba. Wanda ke ƙona ƙwayar ɓuntu ko ta kara, dole ya zubar da toka bayan kowane girki. In ya jira Asabar, ramukan ƙasa sun toshe.

In kuwa kun ga dunƙule mai tauri kamar tsakuwa, wani lokaci har da ƙyalli kamar kwalba, ya manne a gindin gwangwani, to toka ce ta narke ta daskare. Tokar itace ba ta narkewa da sauƙi. Amma tokar kara da ciyawa tana da gishirin nan da ke sa ruwan toka ya yi kaifi, shi ne ke sa ta narke tun wuta ba ta yi tsanani ba, balle in ta haɗu da yashi. Yashin kuwa daga ina? Daga wurin da aka kwashi garin katako ko ɓuntu a ƙasa da shebur. Ƙungiyar da ke tara wa mai inji kaya, ta shimfiɗa tabarma ko tamfol, ta kuma tankaɗe. Wannan aiki ne na rabin yini, amma mu a ganinmu ya fi kowane gyara amfani. Dunƙulen da ya riga ya kama, a ɓamɓare shi da ƙusa a hankali, a bi ramukan ɗaya ɗaya da waya. Kada a sa guduma, gama in gwangwanin ya lotsa iska ba za ta ƙara zagaya daidai ba. Rage ƙarfin fanka kaɗan ma yakan taimaka.

Na uku shi ne kunkunniya, ko wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta a bakin murhu da gindin tukunya. Wannan hayaƙi ne da bai ƙone ba. Ko dai ramukan sama sun toshe, ko batir ya yi sanyi fanka ba ta hurawa sosai, ko ƙwayar ta sha danshi. Ana yin ƙwaya da laima ƙasa da kashi 10 cikin 100, amma buhun da ya kwana a daɓe cikin watan Agusta zai jawo ruwa. Ku karya guda ɗaya. Mai kyau takan karye ƙas, mai danshi takan kumbura ta marmashe a hannu. A ɗora buhu a kan katako, a ɗaure bakinsa, kamar yadda muke yi wa takin zamani. Garin da ke taruwa a ƙasan buhu kada a zuba shi cikin murhu, yana hana iska wucewa.

Kada a raina wannan hayaƙin. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata guba da ba ta da wari ko launi. Takan fara da ciwon kai da jiri, a ɗaki rufe kuwa tana kisa. A yi girki inda iska ke ratsawa, kuma ko sanyin hunturu ya kai yaya, kada a shigar da murhu ɗakin kwana.

Uwayenmu na zumuntar mata, mun san ku da tsabta, amma kada ku wanke murhun nan da ruwa. Jiƙaƙƙiyar toka tana cin ƙarfe, ruwa kuma yana kashe fanka. Busasshen tsumma da tsohon buroshin haƙori sun isa. A cire batir kafin a fara.

Tokar a zuba ta a bokitin ƙarfe, nesa da danga da rumbu, domin ruɓushi yakan ɓoye wuta har gari ya waye. In ta huce sarai a kai lambu, ko a gauraya da waken da za a ajiye saboda ƙwari. Sai dai kada a haɗa ta da takin yuriya, gama za ta sa ƙarfin takin ya bi iska.