Yoyon ruwa a bawul ɗin silo

Direbobin da ke jigila tsakanin Daura da Kongolam, a kan iyakar Nijeriya da Nijar, sun san matsalar raguwar ruwan lagireto ba tare da an ga inda yake zuba ba.

A tsofaffin motoci irin su Honda Accord da Toyota Camry na shekarun 1990, wurin da aka fi mantawa a duba shi ne bawul ɗin silo, wato na'urar da ke daidaita iskar da inji ke shaƙa idan mota na tsaye a kunne.

Wasu ƙananan tiyo biyu ne ke bi da ruwan zafi ta jikinsa, domin kada ƙanƙara ta riƙe shi a ƙasashe masu sanyi.

Tsufa kan sa tiyon ya tsage ko robar gasket ta bushe, ruwan rijiyar da ake ɗurawa kuma ya haddasa tsatsa. Ɗigon kan ƙafe a jikin inji mai zafi, sai dai a ga farin tabo. Idan ruwan ya ragu sosai, silo kan dinga hawa yana sauka.

Bakanikai da dama kan haɗe tiyon biyu su tsallake bawul ɗin. A zafin Daura dabarar na aiki, amma a wasu motocin Honda ɗumin ruwan ne ke sauke silo bayan an tada inji, don haka tsallakewar kan ƙara shan mai.

Sauya tiyo da gasket ya fi araha nesa a kan gyaran injin da ya ƙone. A bari inji ya huce kafin a buɗe murfin lagireto.