ME YA SA UWARGIDA TA FI KA SAURIN HAKI IN KUN FITA SASSARFA?



Wani magidanci a nan Dutse ya turo tambaya. Likita ya ce shi da uwargidansa su riƙa fita motsa jiki bayan sallar asuba saboda hawan jini, amma kafin su yi nisa ta fara haki, shi ko a jikinsa. Wai lalaci ne?

Ba lalaci ba ne, Malam. Da farko dai halitta ce.

A cikin jini akwai sinadarin himoglobin, shi ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai wa tsoka. Na namiji ya fi yawa: Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran jinin namiji ya yi ƙasa in bai kai 13 ba, na mace in bai kai 12 ba, mai ciki 11. Sannan zuciyar namiji da huhunsa sun fi girma, tsokarsa ta fi yawa. Ko gwanayen gudun fanfalaki abin haka yake. A 2023 Kelvin Kiptum na Kenya ya gama kilomita 42 cikin awa 2 da daƙiƙa 35, Tigst Assefa ta Habasha ta gama cikin awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53.

Amma kar ka ɗaga kafaɗa tukuna. Jikin mace ya fi iya ƙona kitse a doguwar wahala, tsokarta kuma ta fi jure aikin da ake yi sannu a hankali. Kuma asalin sa'ayi ai gudun mace ne, Nana Hajara tana neman wa ɗanta ruwa tsakanin Safa da Marwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Annabi (SAW) ta wuce shi, sai daga baya da ta yi jiki ya wuce ta.

Inda nake so a tsaya shi ne nan. Mata da yawa a gidajenmu hakinsu ya wuce na halitta, ƙarancin jini ne ba a sani ba. Haila duk wata, ciki, haihuwa kurkusa, shayarwa, ga zazzaɓin sauro da tsutsar ciki, duk suna cin jini. Mace mai haila tana buƙatar sinadarin ƙarfe kusan miligiram 18 a rana, namiji 8 kacal. Amma a gida wa ake zaɓar wa tsokar miya? Maigida.

Duba ta da kyau. Cikin fatar idonta ko tafin hannunta ya yi fari? Tana jiri in ta miƙe, ko bugun zuciya in ta hau 'yar tudu? Tana kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara? To, kai ta asibiti a auna jini, gwajin PCV ba ya ɗaukar lokaci. In an ba da ƙwayar ƙarin jini a shanye ta yadda aka ce, ko da bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne.

A ƙara mata hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyahu, a matse lemun tsami a kai ko a bi da gwaba. Shayi kuwa a jinkirta shi awa guda bayan abinci, domin yana hana jiki zuƙar ƙarfen. Mai ciki kada ta yawaita hanta.

In kun fita, ka bi takunta, kada ta bi naka. Ku yi saurin da za ku iya hira ba tare da numfashi ya sarƙe ba, minti 30, kwana 5 a mako. In ta ji ciwon ƙirji ko ido ya fara duhu, a tsaya nan take a nemi likita.

Allah ya ƙara mana lafiya.