Yadda Ake Mayar da Land Cruiser Ɗakin Kwana a Ostareliya

A Ostareliya, masu yawon daji sukan yanke rufin Land Cruiser samfurin Troop Carrier, su ɗora murfin alminiyum mai ɗagawa. Da dare a tura shi sama, tamfol ya rufe gefuna, ga gadon mutum biyu. Wasu har faifan sola suke kafawa don cajin waya.

Sai dai rufi na cikin abin da ke riƙe jikin mota. Idan ba a ƙarfafa wurin yankan da ƙarfe ba, gargada za ta tsaga shi, ruwa ya riƙa yoyo. Yawan nauyi a sama kuma kan jawo kifewa a gangare. Shi ya sa hukumomin can ke neman takardar injiniya.